Saukar da Baba Bai Ƙarasa Ba

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu ba a ɗauki wannan al'amari da wasa ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya ambaci sunana ba. In maganata ta taso sai ya ce mutumin Daura, domin a Daura na tashi, a hannun ƙanwarsa da nake kira Gwaggo, wadda ta ɗauke ni tun daga yaye. Duk sa'ad da na je ƙauyenmu, can gaba da Baure, sai in tuɓe takalmi in durƙusa a bakin zaure in gaishe shi, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Daga nan ya juya ga wanda ke kusa ya tambaye shi ko mutumin Daura ya zo lafiya, alhali ga ni nan durƙushe a gabansa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta iyaye da ɗan fari, haka ya taras ana yi, haka shi ma aka yi masa. Ban taɓa jin haushin abin ba a lokacin. Ƙannena suna hawa buzunsa su yi hira, ni kuwa ina da Gwaggo, kuma Gwaggo kaɗai ta isa mutum surutu.

Baba manomi ne, yana kuma taɓa cinikin hatsi ranar kasuwa. Ba malami ba ne, bai kuma yi hadda ba, amma yana da wata ɗabi'a da bai taɓa fashinta ba: da zarar an kai amfanin gona rumbu sai ya buɗe tilawa daga farko, yana bi da dubawa, sannu a hankali, yatsa a kan layi, har ya sauke kafin watan azumi. Littafinsa na hannu ne, warƙa-warƙa, cikin gafaka, da irin rubutun da ya koya a allo. Kowace shekara sauka ɗaya. In ya sauke sai a dama kunu a raba wa maƙwabta, shi ke nan.

Shekarar da nake ba da labarinta, mahaifiyarmu ta riga ta rasu, ƙannena mata suna ɗakunansu, mazan sun yi kudu neman abinci. Gwaggo, da mijinta ya rasu, ta tattara ta koma ƙauye tana kula da yayanta. Ita ta fara lura Baba yana tuntuɓe da buta, yana miƙa hannu gefen ƙwarya. Na kai shi asibitin ido a Kano, ni a gaban mota shi a baya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin sa, ganin gefe duk ya tafi, saura na tsakiya. Ya ce maganin ɗigawa zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma ba a yi masa alƙawari. A gaban Baba ya faɗa. Baba ya yi hamdala, ya nemi takalminsa.

Bayan kwana biyu Gwaggo ta same ni a shago. Ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta da buga takardu a cikin gari, tsakanin wani tela da mai sayar da katin waya. Ta zauna a kan bencin kwastomomi ta ce Yaya bai damu da makanta ba, abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Yana so ya yi sauka ɗaya da idonsa kafin a rufe masa. Baƙaƙen littafinsa sun yi masa ƙanana, tabarau bai yi ba, an sayo masa bugu mai manyan baƙaƙe ya ce ba irin rubutun da ya sani ba ne, yana sarƙe masa. An ce ya riƙa saurare a rediyo, ya ce saurare yana nan yana jiransa, zai yi shi har ya gaji. Ta dube ni ta ce, "Kai da ka ƙare rayuwarka a gaban allon nan, ba abin da za ka iya yi wa ubanka?"

Akwai. Na karɓi gafakar ta hannunta, na ɗauki hoton kowace warƙa, na jera su a wata kwamfutar cinya ta hannu da na daɗe da ajiyewa. Na shirya ta yadda in an kunna ba abin da zai fito sai shafin da aka tsaya, baƙi ɗaya ya kai girman ɗan yatsa. Maɓalli ɗaya na gaba, ɗaya na baya, na liƙa musu jan tef don ya riƙa jin su da hannu.

A nan ne zan yi bayanin tsarin da na sa mata, don shi ne tushen rigimar. Kwamfuta ba ta aiki sai da babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Wadda ta zo da ita ta yi mata nauyi, kafin ta farka mutum ya yi alwala ya dawo, ga tambayoyi da tallace-tallace da ba wanda ya neme su. Sai na goge ta na sa tsarin nan na kyauta, wanda mutane daga ko'ina a duniya suka taru suke ginawa, kowa yana iya buɗe cikinsa ya duba ya gyara. Ni ɗan gani-kashe-nin tsarin nan ne. Na ɓata da abokan sana'a a kansa, na sa wa kwastomomi shi ba su roƙa ba, har tela maƙwabcina yake ce mini mai wa'azin kwamfuta. Har yau ina kan bakana cewa ya fi. Sai dai yana da hali ɗaya: masu ƙera kwamfutoci ba da shi suke tunani ba, don haka wani lokaci akwai abin da ke jikin na'ura wanda shi bai san da zamansa ba, sai ka kama hannunsa ka nuna masa.

Gwaggo ta tafi da kwamfutar a naɗe cikin zane. Saƙon da ya fara dawowa ya faranta mini rai ƙwarai. Baba yana karatu. Da hantsi a zaure, da la'asar a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ta ce ranar farko ya daɗe yana shafa gefen allon kafin ya fara, da ya ga warƙarsa ce, har da ɗigon tawadar da ya sani a kusurwa, sai ya yi murmushi. Ba ta ce ya yi godiya ba, ni ma ban tambaya ba. Kafin wata ya zagayo ya yi nisa.

Ƙorafi biyu ta kawo. Na bar hasken allon a ƙure, don a waje in ba haka ba ba ya gani. To a zaure hasken yana dukan idonsa har ya yi hawaye, sai ya riƙa tsayawa yana sharewa da bakin rawani. Na biyu, batir ba ya daɗewa, ƙauyen kuwa ba wutar lantarki, sai an kai wa mai cajin waya da hasken rana a bakin kasuwa. Na nuna mata maɓallan rage haske da ƙarawa, ta ce ita da Yaya duk wanda ya fi gani a cikinsu ba zai iya bambance waɗannan ƙwayoyin gero ba.

Na san maganin abin. A saman murfin kwamfutar, dab da ɗan ramin kyamara, akwai wani ɗan ɗigo da ido ba ya kula da shi. Sensa ce mai auna hasken wuri. Aikinta ta gaya wa kwamfuta ana cikin rana ne ko inuwa, ita kuma ta ƙara hasken allo ko ta rage da kanta. In na sa ta aiki, Baba ba sai ya taɓa komai ba, a zaure allo ya yi laushi, a waje ya yi ƙarfi, batir kuma ya huta. Na ce wa Gwaggo ta bar mini ita 'yan kwanaki.

Tsarin nawa bai san da sensar ba sam. Na buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni na ce ya lissafo mini duk abin da ke jikin na'urar, ya lissafo komai har da abin da ban san akwai ba, ban da ita. Na shiga dandalin masu amfani da tsarin a intanet, inda in ka yi tambaya wani da ba ka sani ba daga wata uwa duniya zai amsa maka kyauta, wani lokaci da zagi a kai. Aka ce zuciyar tsarin nawa ta tsufa, in ɗauko sabuwa. Na ɗauko da intanet ɗin da ke tafiya kamar jaki da kaya, na sa, sai sauti ya ɗauke. Na gyara sauti, na koma kan sensa, aka ce akwai ɗan guntun manhajar da ke magana da ita, sai na tashe shi da hannu. Na tashe shi. Sai ga wani ɗan fayil ya bayyana da lamba a ciki, lambar ita ce yawan hasken da sensar ke gani. Na yi murna kamar an yi mini haihuwa. Na je in karanta, kwamfutar ta ce ba ni da izini. Kwamfutata, a shagona, da hannuna na sa mata tsarin, tana ce mini ba ni da izini. Na ba kaina izinin, na karanta, lambar kuma ta kafe wuri ɗaya, ko na kai ta rana ko na kai ta ƙarƙashin tebur.

Sai da na sake haɗa wata 'yar manhajar da ke ɗaukar lambar ta miƙa wa allo, na kuma canza wani saiti a can ƙasa inda kwamfuta ke fara tashi, sannan abin ya motsa. Ranar na wuni ina shiga shago ina fita da kwamfuta a buɗe a hannu, ina kallon lamba tana hawa tana sauka, allo yana bin ta. Tela ya dakatar da kekensa ya tambaye ni ko sabis nake nema, ko kuwa abin da suka daɗe suna tsoro ne ya same ni. Ban kula shi ba. Na rubuta wa mutanen dandali yadda na yi daki-daki don wani ya amfana, har wasu suka yaba. Gwaggo ta zo karɓar maganinta na hawan jini, na danƙa mata kwamfuta ina hura hanci, na ce ta gaya wa Baba hawaye ya ƙare.

Da ta sake zuwa ba ta fara da tsokana ba, abin da ba halinta ba. Ta ce idon Yaya ya ƙara rauni. Yanzu sai ya kai fuskarsa dab da allo, shafi ɗaya ya ɗauke shi hantsi guda, a waje ma ya daina gwadawa. Likita ya riga ya faɗa, sai na ce Allah ya sawwaƙe. Har ta miƙe, sai wani abu ya sa na tambaye ta yadda ita take ganin allon. Ta ce ai ita ma tana ganin ya dushe, kamar fitilar ƙwai da mai ya ƙare mata, amma ta ɗauka gyaran da na yi ke nan, tunda an ce haske ya yi yawa.

Na sa aka aiko da kwamfutar a motar kasuwa. Na kunna, allo tar. Na shiga na fita, tana bi yadda ya kamata. Na mayar. Saƙo ya dawo cewa tana nan a dushe. Na koya wa Gwaggo maɓallin ƙara haske, wannan karon na liƙa masa tef shi ma. Ta ce in ta danna sai ya yi haske, kafin Yaya ya kai ƙarshen layi ya sake lafawa a hankali. Ta ce kwamfutar nan taurin kaina ta ɗauko.

Na hau babur na je da kaina. Na durƙusa a bakin zaure na yi gaisuwa. Kwamfutar tana rufe cikin jakarta a gefen buzu, domin Baba ba zai buɗe karatu ina wurin ba, ni ma ƙafata ba za ta iya tsallake dokin ƙofar nan in zauna kusa da shi ba. Gwaggo ta ɗauko mini ita zuwa ɗakinta. Na kunna, lafiya lau. Da Baba ya fita masallaci na shiga zauren na zauna daidai inda yake zama, na kunna, lafiya lau. Na fita gindin darbejiya, lafiya lau. Raina ya ɓaci. Na ce wa Gwaggo kwamfuta ba abin da ya same ta, ta ce to ita ƙarya take yi ke nan, ita da ta yi mini tsarki ina yaro. Muka rabu ba daɗi.

Kafin in bar ƙauyen na rubuta wani ɗan umarni da zai riƙa adana lambar sensar duk lokacin da kwamfuta ke kunne, don in ga abin da take gani in ba na nan. Da aka sake kawo ta na duba. Sifili. Daga kunnawa har kashewa, kowace rana, sifili. Gwaggo ba ta yi ƙarya ba. Sensa tana gaya wa kwamfuta cewa ana cikin baƙin duhu, ita kuma tana rage haske zuwa ƙarshe. Amma ni na zauna a zauren nan, na san haskensa, kuma ko a lungun shagona mafi duhu lambar ba ta taɓa kusantar sifili ba. Sai na yanke hukunci irin na mai gyara: sensar ba duhu take gani ba, ɗaukewa take yi, tsarin yana rasa hanyar zuwa gare ta sai ya rubuta sifili. Abin da ya rage in gano me ke sa ta ɗauke a ƙauye ba ta ɗaukewa a Daura.

Nan na shiga daji. Na zargi batir, na ce wataƙila in ba a jone da wuta ba tsarin yana kashe sensar don tattalin caji, na hana shi. Na zargi rufewa da buɗe murfi, na ce wataƙila in kwamfuta ta yi barci ta farka sensar ba ta farkawa, na rubuta abin da zai riƙa tashin ta. Na zargi zafi, don bazara ta fara shigowa. Na zargi cajar mai hasken rana. Kowane gyara sai na jira Gwaggo ko motar kasuwa ta kai, in jira saƙo ya dawo, kuma kowane gyara ina da tabbacin shi ne na ƙarshe. A duk kwanakin da kwamfutar take hannuna Baba ba ya karatu ko kaɗan, a kwanakin da take hannunsa yana rarrafe a duhu. Ya wuce rabin saukar da kaɗan, ya tsaya yana jan ƙafa.

A dandali wani bawan Allah, daga wata ƙasa mai sanyi in an yi la'akari da hotonsa, ya bi duk bayanan da na tura, ya ce shi bai ga alamar sensar tana ɗaukewa ba. Ya ce in daina zato, in je in zauna kusa da mai amfani da ita, in kalli abin da yake yi daga ɗaukowa har zuwa kunnawa. Shawara ce mai kyau, gani ya kori ji. Na daɗe ina kallon rubutun nasa. Ta ina zan fara yi masa bayani cewa mai amfani da ita ubana ne, kuma ban taɓa zama kusa da shi ba tun da aka haife ni? Na rubuta masa cewa wurin da nisa. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, ko abin da ya yi kama da haka a bakinsu.

Da na gaji, sai na yanke shawarar abin da yaro ma zai iya: in kashe sensar gaba ɗaya, in tsayar da haske tsaka-tsaki, ya yi karatunsa a zaure kawai. Na aika a kawo kwamfutar. Gwaggo ta kawo ta da kanta, ta ajiye a kan tebur, ta zauna ba ta ko cire mayafi ba. Ta ce ba sai na mayar ba. Yaya ya wayi gari ba ya bambance ta da ƙofa sai ta yi magana. Kwana da kwanaki ke nan bai taɓa kwamfutar ba, tana buɗe a gefensa yadda ya bar ta, ita ta rufe ta ta sa a jaka.

Na zare ta daga jakar don kawai hannuna ya sami abin yi. Murfin bai rufu sosai ba, wani abu ya tokare shi. Na buɗe. A saman murfin an ɗora wani farin ƙyalle, ninki biyu, an kalmashe bakinsa da ɗinkin hannu mai kyau, an yi shi daidai faɗin murfin yadda zai zauna kamar hula. Ya rufe ramin kyamara, ya rufe ɗigon da ke kusa da shi.

Na tambaye ta mene ne wannan.

Ta ce, "Hularta ce. Ni na ɗinka."

Ta ce tun makon farko Yaya ya tambaye ta ɗan ramin nan na mene ne, ta ce masa ido ne, irin na waya, da shi ake ɗaukar hoto. Ya ce shi ba zai zauna yana tilawa wani ido yana kallonsa ba, ba a san inda hoton zai je ba. Sai ta yanki ƙyalle ta ɗinka. Kullum in ya buɗe murfi sai ya sa hular tukun, ya yi bisimilla, sannan ya kunna. In ya gama ya kashe, ya cire, ya ninke ya sa a aljihun gaban rigarsa. Na ce me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce shi ya hana. Ya ce kada mutumin Daura ya ji, ya ɗauka ana zargin abin da ya kawo.

Na kunna kwamfutar da hular a kai. Warƙar da Baba ya tsaya ta fito, a dushe, da kyar ni mai lafiyar ido nake ganin baƙaƙen. Na kama ƙyallen da yatsu biyu na ɗage. Allo ya ɗan yi jinkiri, sannan haske ya taso har ya cika shafin.

Gwaggo ta kalli allon, ta kalli ƙyallen a hannuna. Mace ce mai kaifin hankali, ba ta buƙaci bayani ba. Ta ce, a hankali, ai da farko ma da hular yake karatu, kuma allo yana da haske. Na ce haka ne, lokacin sensar ba ta aiki. Sai da na sa ta ta fara gani, sannan ta ga hular. Gwaggo ta sa bakin mayafi ta rufe fuskarta. Tela ya leƙo zai yi tsokanarsa, ya ga yadda muke, ya koma.

Garin gyaran gira na taɓa ido, kuma na yi baƙin cikin wannan fiye da yadda zan iya rubutawa. Sensar ba ta taɓa ɗaukewa ba, abin da ta gani ta faɗa. Gwaggo ta yi abin da yayanta ya roƙa. Baba ya kare mutuncin karatunsa, ya kuma kare zuciyata. Na sha juya abin a raina ina neman wanda zan ji haushi, in huta, ban samu ba. Ban sani ba ko da hasken ya tsaya yadda yake da farko zai kai ƙarshe kafin idon ya rufe. Abin da na sani shi ne gudun da yake yi a watan farko, da abin da ya rage masa, da yawan watannin da suka bi baya. In na haɗa su ba na son amsar da ke fitowa.

Gwaggo ta roƙe ni kada Yaya ya ji. Ba don kanta ba, ta ce, ita ta saba shan faɗa. Amma mutum ya riga ya karɓi abin a matsayin ƙaddarar idonsa, ya yi haƙuri ya kwanta a kai, me za a ƙara masa in an ce ƙyalle ne? Na yi mata alƙawari.

Ana saura kwanaki azumi na je ƙauye. Baba yana zaure, an sa masa rediyo mai katin tilawa a gefe, ya rage murya. Na tuɓe takalmi na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe shi. Ya amsa, fuskarsa tana kallon bango kamar kullum, sai dai yanzu ba don kunya kaɗai ba. Gwaggo tana tsaye da ƙwaryar fura. Ya tambaye ta ko mutumin Daura ya zo lafiya, ta ce lafiya ƙalau. Ya laluba ya kashe rediyon. Sannan ya ce:

"Na ji an ce ya sha wahala a kan abin nan, yana ta kai da kawowa. Ki ce masa ya kwantar da hankalinsa. Kayansa ba su da laifi, sun yi mini aiki. Idon ne ya gaza."

Gwaggo ta juyo ta dube ni. Ya kamata ta maimaita mini saƙon, haka ake yi, amma bakinta ya ƙi buɗuwa. Baba yana jira ya ji an isar. Da shirun ya yi tsawo sai na amsa da kaina daga inda nake durƙushe, na ce to, Baba, na ji.

Ya gyaɗa kai, ya miƙa hannu yana neman maɓallin rediyon.